Rufi Ɗaya Ya Faɗa Musu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni ƙarfin jinyar da zan ba da labarinta. Sunana Tsahara, daga wani ƙauye kusa da Bande, a ƙasar Magariya. Maigidana ya daɗe da rasuwa, ni ma na tsufa, don haka yau zan iya kama sunansa: Mutari. Ina ba da labarin ne saboda macen da wata rana za a ce mata mijinta ya ji rauni a gidan wani mai dukiya. Ta sani cewa maganar da dangi za su yi a satin farko tana iya daɗewa a gidanta fiye da ciwon.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, shekarar da ruwa ya dawo bayan farin nan da ya cinye dabbobi. Mun samu hatsi daidai gwargwado, amma gida ya daɗe a bushe, sutura ta ƙare, ga haraji. Da aka gama girbi sai maigida da amininsa Habu suka tafi Magariya yin dako a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta wani Alhaji mai sayen gyaɗa. Gidan Habu yana kallon namu. Tare aka yi musu kaciya da maigida, matarsa Rabi kuwa tare muke zuwa rijiya. Abin da muke da shi, shi suke da shi: jaki ɗaya, ƴan awaki, da gona a kan tudu. Ban taɓa duban gidansu na ji wani abu a raina ba, don babu abin dubawa.

Mangazar tsohon soro ce ta ƙasa. Gara ta cinye azarar rufin, damina kuma ta jiƙa shi ya yi nauyi. Daga baya muka ji cewa magini ya gaya wa Alhaji tun kafin ruwa ya sauka a sauke rufin, shi kuwa ya sa aka kafa gungume aka tokare, ya ce sai an gama cinikin gyaɗa. Wata ranar kasuwa da hantsi, su biyu suna ciki suna jera buhuna, rufin ya zubo musu.

Wani mai keke ya kawo mana labari. Muka tafi da ni da Rabi da Yaya Laminu, wan maigida, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Muka tarar da su a likitar Magariya, wato asibitin garin, kwance a tabarma ɗaya, ƙasa har cikin kunnuwansu. Maigida cinyarsa ta dama ta karye, tsinin azara kuma ya yaga naman. Habu ƙafarsa ta hagu ta niƙe daga ƙauri zuwa ƙasa, an ɗaure ta da tsumma ya jiƙe. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya wanke musu raunin ya yi musu allura, sannan ya ce da mu, "Wannan ya fi ƙarfin nan. Duka biyun sai Damagaram. Mota za ta tashi da la'asar."

Rabi tana da wa, Kafaran Isufu, tsohon soja ne da ya zauna a Magariya. Da ya zo ko doguwar gaisuwa bai yi ba. Ya dubi ƙafar Habu, ya juya ya fita, sai ga labari wai ya je ya ɗauko jandarma biyu ya kai su mangazar, ya nuna musu azarar da gara ta ci da gungumen da aka tokare da shi, suka rubuta. A lokacin na ɗauki abin rashin ta-ido. Mutum yana kwance cikin jini, kai kana yawo da jandarma.

Yaya Laminu kuwa ya ce, "Damagaram yanke ƙafa suke yi. Ɗan'uwana ba zai koma gida da guntu ba. Akwai maɗori a yammacin garinmu, ubansa ma maɗori ne, can za mu kai shi."

Na ce, "Yaya, da an bari ya bi motar tare da Habu."

Ya ce, "Ke dai ki shirya dafa ruwan zafi. Wannan maganar maza ce."

Majo ya yi ta faɗa, har ya ce duk abin da ya biyo baya babu hannunsa. Da la'asar mota ta tafi da Habu da Rabi arewa, mu kuma muka ɗora maigida a amalanken aro muka kama hanyar gida.

Satin farko na ɗori ne. Maɗorin ya sa ƙarti suka danne shi, ya ja ƙafar har maigida ya suma, ya shafe ta da man shanu, ya jera karan dawa ya ɗaure. Raunin kuwa ya barbaɗa masa garin magani ya rufe. Ba zan ci zalinsa ba, na ga mutanen da ya ɗora suna noma da ƙafafunsu. Amma su karayarsu ba ta da baki a buɗe.

A satin ne Alhaji ya zo dubiya da motarsa, yara suna bin ta a guje. Ya kawo buhun hatsi, da goro, da ƴan kuɗi a ƙulle. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, liman ya zo, mai gari ya zo. Ina daga bayan zana ina ji. Alhaji ya ce abin ya dame shi ƙwarai, ko barci ba ya yi. Yaya Laminu ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, ba kai ka kayar da soro ba. Mun yafe duniya da lahira." Aka shafa fatiha. Ni kaina na ji daɗin buhun nan, na kuma yi wa Alhaji addu'a. Wanda ƙafarsa ta karye yana ɗaki yana nishi, babu wanda ya leƙa ya tambaye shi ko ya yafe.

A sati na biyu cinyar ta kumbura ta zama kamar turmi, zazzaɓi ya rufe shi. Maɗori ya ce ƙashi ne yake kamawa. A na uku wari ya fara fitowa daga ƙarƙashin karan, ƙudaje suka cika ɗakin, sai na zauna da mafici ina kora. Kowa ya shigo da nasa maganin. Gwaggonsa ta ce garin bagaruwa, wani ya ce a yi ƙaho a janye mugun jinin, wani ya ce sammu ne daga abokan dako, a nemi rubutu. Duk mun yi. Ni ke ɗaga shi, ni ke kai masa kasko in zubar, ni ke wanke tsummokaran da ko surukata ba ta iya tsayawa kusa da su. Kunu ma sai na ɗura masa da ludayi. Ranar da na kwance ɗaurin da kaina na ga mugunya tana bulbulowa, naman gefen ya yi baƙi, ban tambayi kowa ba. Na kama akuyata mai ciki na kai wa mahauci, na ɗauki hayar amalanke. Yaya Laminu ya tsaya a ƙofar gida yana kallo, bai hana ba, bai kuma taya ni ɗagawa ba.

A likitar Magariya muka tarar da layi har bakin bishiyar dalbejiya, mata da yara masu ƙyanda, da tsofaffin da yunwar bara ba ta sake su ba. Tun hantsi muke nan sai bayan azahar aka kai gare mu. Majo ya gane mu. Ya buɗe ƙafar, ya kawar da kai, ya ce wata kalma da har yau ban manta ba: "Anfeksiyo." Ya ce ruɓar ta kusa kai wa ƙashi, in ta kai, ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Bai ce mana ai na gaya muku ba. Ya rubuta takarda, ya sa mu a motar washegari. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ko yana raye ko ya mutu.

A babbar likitar Damagaram aka yi masa hoton ƙashi, wanda suke ce wa radiyo, aka shiga da shi aka yanke ruɓaɓɓen naman, aka ɗaure ƙafar da igiya da wani ƙarfe mai nauyi yana reto a ƙarshen gado. Da aka turo shi ɗakin maza, wa zan gani a gado na uku daga nasa? Habu. An yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa, kamar yadda Yaya Laminu ya faɗa. Amma ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi haske, yana zaune yana cin shinkafa da miya. Gadonsa da gidan sauro sabo, a ƙarƙashi ga buta, ga fitila, ga kwalin sukari. Rabi ta taso ta rungume ni tana kuka, ni kuwa idona yana kan zanen da ke jikinta, atamfa ce da ban san ta da ita ba.

Ta ce, "Yaya Kafaran ya kai ƙara jastis. Alƙali ya ce kafin a gama shari'a, Alhaji ne zai riƙa ɗaukar nauyin abincinmu da magani."

Na ce, "Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Abin da bakina ya faɗa ke nan. Rufi ɗaya ya faɗa musu, a rana ɗaya, suna ɗauke da buhu iri ɗaya.

Mun fi wata biyu a ɗakin nan. Allura safe da yamma, har ɗuwawunsa suka yi tauri babu wurin sokawa. Wani maganin akwai a likita, wani sai a rubuta maka ka je kanti ka saya. Na aika gida aka sayar da sauran awakina, sannan tasoshin aurena suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu masu jinya a tsakar gidan likita muke girki, kowa da murhunta na duwatsu. Murhuna yana kusa da na Rabi. Ni ina dama kunun hatsin Alhaji da tsamiya, ita tana soya albasa da mai. Kullum sai ta zubo mana a kwano, ta ce, "Ki ba shi ya ci, Tsahara, ƙashi ba ya kamawa da kunu." Ina karɓa, don yana buƙata. Ina godiya, don ya kamata. Amma ban taɓa sa hannu a kwanon nan ba, ko da na kwana da yunwa. Ina ce mata shinkafa tana ɓata mini ciki.

Akwai abin da ya fi shinkafar ci mini rai. Maigida ya daina magana da ni. In na juya shi ya yi tsaki, in na goge masa jiki ya kalli bango. Amma da Habu ya dogara sandunansa ya zo ya zauna a bakin gadon, sai ka ji dariya har ma'aikata suna leƙowa. Suna tuna yadda suka fito daga ƙarƙashin ƙasa fari fat kamar an tono rogo, suna kwaikwayon muryar Alhaji. Ni da na sayar da kayan ɗakina, ni da hannuna ya tsage da wankin tsumma, ban samu ko murmushi ba. Wata rana na ce masa, "Ashe kana da bakin dariya." Ya ce, "Shi ya san abin da na ji. Ke gani kika yi." Na fita waje na zauna a gindin famfo har aka kira la'asar.

An sallami Habu kafin mu. Mu kuma da aka kwance ƙarfen, lokotoro, wato dokta da ya yi masa aikin, ya ce an ceci ƙafar, amma ta gajarce, gwiwar kuma ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Ya ce da an kawo shi ranar farko, da ya koma dakonsa. Muka dawo gida da zafin bazara, shi a kan sanda, ni da ƙullin tsummokara.

Muna isowa na ga shanu biyu jajaye ɗaure a ƙofar gidan Habu, da sabon amalanke mai ƙafafun mota, da garma jingine a zana. An gama shari'a. Magini ya ba da shaida, jandarma sun kawo abin da suka rubuta, lokotoro ya ba da takardar rauni, alƙali ya ce mai soro ya san rufinsa ruɓaɓɓe ne ya sa mutane a ƙarƙashi, sai ya biya diyyar ƙafa. Daga ƙofar ɗakina nake hango shanun. Da safe in na fito shara su nake fara gani, da yamma in ji Rabi tana kiran su da suna tana zuba musu dusa. Na sauya wurin da nake daka don kada in riƙa kallon su, sai na tarar kunnena yana bin kukansu.

Na ce da maigida mu ma mu kai ƙara. Ya ce, "Yaya ya riga ya yi magana a gaban liman. In tashi in ƙaryata shi?" Na ce, "Ƙafar Yaya ce ta karye?" Sai da damina ta matso, ya fita gona da sanda ya ga ko sunkuyawa ba ya iya yi da hauya, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki, ya ce, "Je ki gaya wa Rabi ta yi wa wanta magana."

Tsallaka hanyar nan zuwa gidan Rabi ya fi mini tafiyar Damagaram wuya. Na same ta tana tankaɗe, na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon ƙasa. Ko daƙiƙa ba ta ja ba, ta ce, "Tun a likita nake so in ce miki, na ga kamar ba kya son maganar."

Kafaran ya raka mu jastis a Magariya. Sau uku muna zuwa, maigida a kan jaki ƙafarsa a miƙe, kafin a kira mu. Alƙalin ya saurare mu da kyau, tafinta yana juya masa. Ya aika aka kira Alhaji, shi kuwa ya zo da liman da mai garinmu. Aka tambaye su, suka faɗi gaskiya: an kawo hatsi da kuɗi, an karɓa, an ce an yafe.

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce na yafe ba. Ina ɗaki ban san inda kaina yake ba."

Alƙali ya ce ya yarda da wannan, yafewar wa ba ta hana ƙane neman haƙƙinsa. Sai ya ci gaba, ya ce amma akwai wata matsala. An fitar da mai rauni daga likita bayan majo ya hana. Yanzu lokotoro ba zai iya rantsewa cewa soro ne ya gajarta ƙafar ba, ko ɗori ne da ruɓar da ta biyo baya. Karayar laifin Alhaji ce, gurguntar kuwa ba za a iya ɗora masa ita duka ba. Ya yanke cewa Alhaji ya mayar mana da abin da muka kashe na magani, a cire abin da ya riga ya kawo. Da aka cire, abin da ya rage ya sayi akuya biyu da ɗan hatsin iri.

Muka kamo hanyar dawowa har muka hango garinmu. Sannan maigida ya bugi cinyar da tafin hannu ya ce, "Da ma yanke ta suka yi." Ban ce masa ya yi istigfari ba, don abin da ke raina ke nan tun a gaban alƙali.

Yaya Laminu ya noma mana gonar a daminar nan, shi da ƴaƴansa, bai bari ciyawa ta ci ta ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ce masa na gode da zuciya ɗaya ba. Haka muka zauna har ya rasu.

Da kaka ta yi, Habu ya shigo gidanmu a kan sandunansa ya ce, "Uwargida, ba ni aron mijinki." Ya ce shi yana iya zama a kan amalanke ya kora shanu, amma ba ya iya sauka ya ɗaure kaya, maigida kuwa yana iya tsayuwa, hannuwansa kuma ƙarfinsu na nan. Su riƙa kai kayan mutane kasuwar Bande da Dungas da Magariya, abin da aka samu kashi biyu na mai shanu, kashi ɗaya na maigida. Maigida ya amsa tun kafin ya rufe baki. Da wannan kashi ɗaya muka ci, muka yi sutura, muka aurar da ƴaƴa. Ban da Habu da ban san yadda za mu yi ba, ina faɗar wannan a ko'ina. Amma duk ranar kasuwa in sun dawo, a ƙofar gidan Rabi amalanken yake tsayawa, a can ake kasa kuɗin, sannan maigida ya tsallako da nasa yana jan ƙafa.

Wata ranar kasuwar Dungas da yamma, muna dawowa daga rijiya ni da Rabi, sai ga su sun iso. Muka tsaya da tuluna a ka. Maigida ya sauko daga amalanken, ya gyara tsayuwa, ya juya baya. Habu ya rataya hannuwa a wuyansa, maigida ya goya shi kamar yaro ya kai shi zaure ya ajiye, ya dawo ya kwance shanun. Ni shanun nake kallo, sun yi ƙiba, wuyansu yana sheƙi. Sai na ji Rabi ta yi magana a hankali, ba ta ko juyo ba.

Ta ce, "Ke dai kin huta, Tsahara. Naki da ƙafarsa yake shiga gida."

Na juya na dube ta. Ba shanun take kallo ba, ƙafafun maigida take bi da ido, gajerar da doguwar, har ya ɓace a bayan zana. Na san irin kallon nan, don na shekara ina yi wa ƙofar gidanta shi.

Na ce, "Ke kuma naki da shanunsa."

Ta ce, "Haka ne."

Muna tsaye ruwa yana ɗiga mana a kafaɗa. Sannan ta shiga gidanta, na shiga nawa.